Kawu Bukar da Jan Rubutu

Duk wanda ya yi aiki a ɗan ofishinmu na Haɗejiya ya san abin da babbanmu, Kawu Bukar, ke fara yi da safe. Kafin ya amsa gaisuwa sai ya bi kwamfutocinmu ɗaya bayan ɗaya, ya kashe launi a saƙonnin kompaila, wato manhajar da ke harhaɗa abin da muka rubuta, ta kuma nuna mana inda muka yi kuskure. Ni ina son kuskure ya fito ja. Shi kuwa fari a kan baƙi, shi ke nan.

"Kawu, ja ya fi saurin ganuwa!"

"Ke Falmata, aiki kika zo ko zaɓen atamfa?"

Haba! Lokacin fa damina ta ƙarato, muna gaggawar kammala manhajar da za ta riƙa sanar da manoman shinkafa idan kogi ya fara cika. Wani kuskure ya ɓuya cikin tulin farin rubutu, muka kwana biyu muna nema. Na tara kowa na ce a bar launi a kunne, wanda ba ya so ya kashe nasa. Mu huɗu muka ɗaga hannu.

Kawu ya dube mu ya ce, "Na gani. Ku sauke, kada su yi tsami."

Sai na kunna a ɓoye. Ranar da na tura wa abokin aikinmu na Kafin Hausa fayil ɗin saƙonnin, launin ya rikiɗe ya zama tarkacen alamomi, ba abin da ke karantuwa. Kawu ya buga shi a takarda, ya manna saitin kujerata. Wata uku! Ko mai tallar kifi ya leƙo sai ya jawo shi: "Zo ka ga kwalliyar 'yata."

Bayan Kawu ya rasu, a zaman makoki ne matarsa, Inna Hajara, ta ji muna wannan hira. Ta ce, "Au, bai gaya muku ba? Ai ba ya bambance ja da kore. Jan rubutun nan ɓace masa yake. Tun da ya kawo min kwandon tumatir ɗanye shar ban sake barinsa ya yi cefane ba."

Shekara shida muna sa-in-sa, alhali magana ɗaya ta isa! Wallahi a take haushinsa ya taso min sabo, sai kuma hawaye.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya yafe mana abin da ba mu lura ba. Allah ya sa can ta fi nan.