Masu Dubiyar Baba

Tukunyar iskar oksijin ɗaya ce ta rage a ɗan asibitin kuɗin da muka kai Baba a Batsari. Daga Darini aka ɗauko shi a kan babur, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ni kuma na bar ajina a Safana na taho.

Nas ta kafa masa robar shaƙar iskar a hanci da baki, ta nuna mini agogon da ke wuyan tukunyar. Ta ce, "Malam, wannan za ta kai shi la'asar. An tafi Katsina ɗauko wata. Kada ya cire, kada a sa shi magana."

Sai ga 'yan dubiya. Kai jama'a! Wai ashe duk Darini babu mai aikin gona a ranar. Baba kuwa mutum ne da bai taɓa amsa gaisuwa da baki a rufe ba. Duk dattijon da ya yi sallama, sai ya janye robar zuwa haɓa, ya amsa jiki, ya amsa iyali, har ya tambayi shanu. Iskar na ta fita fuuu a banza, leɓɓansa na yin baƙi. In na mayar masa, sai ya harare ni.

Nas ta kore su, suka fita, wasu suka shigo ta bayanta. Ta ce da ni, "Kai ne ɗansa, tsaya a bakin ƙofa mana!" Na tsaya. Amma da wan Baba ya iso da sandarsa, wallahi durƙusawa na yi, na ba shi hanya. Ni da nake daka wa yara saba'in tsawa su yi tsit, na kasa ce wa tsoho ɗaya ya dakata. Wannan abin har yau yana cina.

Sabuwar tukunya ta iso kafin la'asar. Ba ta tarar da shi ba, ko buɗe ta ba a yi ba.

Ranar sadakar uku wan Baban ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ikon Allah! Mun fa daɗe muna hira, da bakinsa ya ce mini da sauƙi."

Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Baba. Mun gode da zuwa."