Akori-kurar da Muka Karɓo a Jos

Mun tashi daga Lafiya da asuba, ranar Talata ta makon farko na watan Yuni, ana fitowa daga masallaci. Mu biyu ne, ni da yayana, sai fasinjojin da muka tarar a tasha. Jos muka nufa, babban birnin jiharmu a wancan lokacin, domin amsa kiran kamfanin inshora a kan motarsa da ta yi haɗari.

Yayana ɗan kasuwa ne. Da akori-kurarsa yake kwaso doya da gishiri daga ƙauyuka, da ita kuma gidansa ke ci. Farkon bazara, a hanyar Keana, birkin wata tsohuwar motar kaya ya tsinke a gangara, ta haye ta. Ba a rasa rai ba, amma akori-kurar ta tashi daga aiki. Mai motar kayan shi ke tuƙa abarsa. Ɗan ƙabilar Alago ne, mutumin Keana, ya daɗe yana kawo wa yayana gishirin da matan gidansu ke dafawa. Bayan 'yan sanda sun auna hanya sun tafi, dattawan ɓangarorin biyu suka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Mutumin ya durƙusa, yayana ya ɗaga shi ya ce ya yafe duniya da lahira. Aka raba goro, aka shafa fatiha. A wurinmu magana ta mutu ke nan.

An kwana ana ruwa, hanya ta jiƙe, masara ta kai ƙugu a gonakin Shabu. Duwatsun Eggon sun lulluɓe da gajimare, sai gindinsu ake gani. Direbanmu ɗan yankin ne, Hausarsa irin ta kasuwar Lafiya wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Duk ramin da ya faɗa sai ya ce, "Motan nan ya san hanya, ni ne ban sani ba." Wata tsohuwa a baya ta ce to ya sauka ya bar wa motar tuƙin.

A Akwanga muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya fi na Lafiya tsada, ya kuma fi shi ƙanƙanta. Yayana bai iya wuce doya ba tare da ya taya ba. Ya ɗaga tsohuwar doya guda, ya ji farashinta, ya ajiye a hankali kamar ƙwai. Sabuwa ta kusa fitowa, kuma duk wanda ba shi da mota a lokacin, cinikin shekara ya wuce shi. Bai faɗa ba, amma na san lissafin da yake yi ke nan.

Daga nan hanya ta fara hawa. A Hawan Kibo motarmu ta riƙa nishi, direba ya tsaya ya ba ta ruwa. Gefen hanya gawarwakin manyan motoci ne, wasu har ciyawa ta tsiro a cikinsu. Yayana ya daɗe yana kallonsu. Shi ne a da yake kiran inshora caca, kuma ba don dillalin da ya sayar masa da motar ya nace ba, da bai yi cikakkiyar inshora ba, wadda ke biyan mutum tasa motar. Muna hawa tudu sanyi ya buge mu, kowa ya ja gilashi.

Ofishin kamfanin yana saman wani bene a tsakiyar gari. Jami'in da ya karɓe mu matashi ne mai ladabi, sanye da kwat, Hausarsa tas. Ya ce mutanensu sun duba motar, gyara ba zai yi ba, kamfani ya amince ya ba da sabuwa. Yayana ya yi hamdala. Sai jami'in ya tambaya ko an yi wata magana da mai ɗaya motar.

"An yi, ɗana. Na yafe masa."

Jami'in ya ajiye alƙalaminsa. "Alhaji, a rubuce ko da baki?"

"Gaban dattawa. Ai ya fi rubutu."

"A garinku ya fi. Bari in faɗa maka gaskiya don kada ka ce na rufe ka. Ranar da muka ba ka mota, haƙƙinka ya dawo hannunmu, mu za mu bi wanda ya yi ɓarnar. Takardar inshorarsa kuwa mun duba, irin ta bakin tasha ce da ake nuna wa 'yan sanda, babu kamfanin da ke bayanta. Shi za mu bi."

"Ba shi da komai sai motar nan."

"To ita ce. In ka tsaya a kan ka yafe, ka yafe abin da za mu karɓa, ba za mu ba ka mota ba ke nan. In ka bar ta a maganar baki, ni ban ji ba."

Yayana ya ce a ba shi zuwa bayan azahar. Muka yi salla, muka zauna a wata rumfar abinci, aka kawo tuwon acca da miyar ganye. Tuwon ya yi daɗi, shi dai bai ci ba. Ya ce, "Kai da ka yi boko, me ka gani?" Na jera masa abin da ke nan da abin da ke can: kakar doya, yaran da ke makaranta, tsohuwarmu, sannan maganar da ya furta gaban mutane. Ya ce bai tambaye ni kanun labarai ba.

Da muka koma ya roƙi jami'in a sassauta wa mutumin. Jami'in ya ce zai faɗa wa na sama, amma ba ya alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Yayana ya sa hannu a takardar karɓar sabuwar mota.

Muka kwana a gidan wani ɗan'uwanmu. Washegari da hantsi aka miƙa mana makulli a wurin dillali: fara ce, kujerunta da ledarsu. An gargaɗe mu kada a matsa wa sabon inji, don haka tafiyar hawainiya muka yi, har masu babur suna wuce mu. A Riyom muka sayi dankalin turawa da kabeji, masu araha ƙwarai in an kwatanta da Lafiya, don kada mota ta shiga gida bayanta wayam. Gangaren Kibo yayana ya sauke shi da giya ta biyu, yana taɓa birki yana saki, bakinsa na motsi.

Bayan la'asar muka shiga Lafiya. Mata suka yi guɗa, maƙwabta suka kewaye motar ana addu'a. Cikinsu har da mutumin Keana. Ya kawo kaya kasuwa ya ji labari, ya zo da ɗan buhun gishiri a kafaɗa na barka. Ya zagaya motar, ya shafa ƙofarta, ya ce, "Alhaji, Allah ya mayar maka da wanda ya fi. Yau zuciyana ya kwanta." Yayana ya ce amin. Ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, na zaci zai faɗa masa. Aka kira magariba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne. Mu mun saba wanda aka yi wa ɓarna shi ke da ikon yafewa. Mai cikakkiyar inshora ya riga ya miƙa wannan ikon tun ranar da ya biya kuɗin farko, kuma babu wanda ya faɗa mana. Da mun sani, da ba a tara dattawa ba, ko da an nemi wata hanya tun kafin a raba goro.

Sammaci ya isa Keana kafin sabuwar doya ta fito. An yi gwanjon motar kayan a harabar kotu, wani mai sayar da kayan gyara daga Makurɗi ya saye ta.