Ɗigo Biyu a Littafin Baba Fensir

A kwalejin horar da malamai babu mai kiransa da sunansa na yanka. Baba Fensir ake ce masa, don kullum akwai guntun fensir maƙale a bayan kunnensa, har matarsa takan ce da shi za a binne shi. Shekara ashirin da shida aikinsa ɗaya ne, raba ɗalibai zuwa makarantun firamare inda za su yi gwajin koyarwa na wata uku. Ofishinsa wani ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin bene, da tebur mai ƙafa ɗaya a kan bulo, da baƙin littafi mai kauri wanda ke ɗauke da sunan kowace makaranta.

Mutum ne mai zargi, wannan kowa ya sani. In ka gaishe shi sau biyu a yini, sai ya fara tunanin me kake nema. Sai ga shi an kawo kwamfuta, an ce daga bana ita za ta yi rabon, an kuma ɗauko wata matashiya da za ta zuba mata bayanai. Shugaban kwaleji ya rantse a taro ba za a sallami kowa ba. Baba ya lura mutumin bai dubi inda yake zaune ba lokacin rantsuwar.

Matashiyar, wadda ake kira Malamar Kwamfuta, tana da ladabi, kuma ladabin ne ya fi tsaya masa a rai. Ta rusuna ta gaishe shi, ta roƙi aron littafin. Ya ce littafin ba ya fita, sai dai ta zo ta kwafa a gabansa. Kwana tara tana zuwa, tana zama a benci da kwamfutar a cinya, wuta na ɗaukewa tana dawowa, shi kuwa ya sa mata ido kamar mai gadin shanya.

A rana ta uku ta tambaye shi ma'anar ɗigon fensir da ke gefen sunan wasu makarantu. Ya ce datti ne. Ta sake tambaya a rana ta shida, ta kuma tambaya ranar da ta gama. Nan ya tabbata turo ta aka yi.

Ba datti ba ne. Ɗigo ɗaya na nufin hanyar ba ta da kyau, kada a tura mai ciki ko mai ciwon ƙafa. Ɗigo biyu kuwa makaranta guda ce tak ke da su, ta bayan tashar mota. Hedimastan can yakan kira ɗaliba ofis ya rufe ƙofa, kuma shi ke sa hannu a takardar sakamakonta. Babu wadda ta taɓa yarda ta rubuta ƙara, Baba kuma ba shi da shaidar da zai kai gaba. Abin da ya iya kawai shi ne ya daina tura mace can, in ban da shekarar da aka yi masa aikin ido, wani ya riƙe masa littafin.

A lissafinsa, ɗigon nan ne kaɗai abin da ya sani wanda na'ura ba ta sani ba, kuma ranar da ya faɗa, ranar za a nuna masa ƙofa. Matarsa ta ce ya ji tsoron Allah, 'ya'yan mutane ne. Ya ce ba ta san halin mutanen ofis ba.

Ranar Litinin aka liƙa sakamakon rabon a allon sanarwa. Ya bi shi da yatsa har ya kai makarantar bayan tasha. Sunaye huɗu, uku mata, kuma ranar Laraba za su fara. Kunya ta rufe shi, don ya san ba kwamfuta ce ta tura su ba.

Ya hau bene zuwa ofishinta, karo na farko tun zuwanta. Ya buɗe littafin, ya gaya mata komai a tsaye. Ya jira ta yi murmushin wanda ya samu abin da yake nema, amma ba ta yi ba.

“Na sani, Baba,” in ji ta. “Shekarar da aka yi maka aikin ido, ina ɗaliba a nan, ni aka tura can.”

Ya zauna ba tare da an ba shi kujera ba. Ta ce ta so ta cire makarantar da kanta, amma kwamfuta ba ta karɓar ɗigo. Sai an rubuta dalili ɓaro-ɓaro, da sunan jami'in rabo, wato Baba, a ƙasa, kuma shugaba zai karanta, wataƙila har hedimastan ya ji. Abin da ya sa ta yi ta tambayarsa ke nan.

“'Yata,” ya ce, “ni na ɗauka kujerata kike so.”

Ta juyo masa da kwamfutar. Baba ya zare fensirin daga kunne ya ajiye a tebur, sannan ya fara laluben haruffan sunansa da yatsa ɗaya.