Tayoyin da na zaɓa a shekarar bushiya

A shekarar da ciwon bushiya ya shigo wa shanun ƙasarmu, ina malamin dabbobi a Gashuwa. Lokacin muna cikin jihar Barno. Ban daɗe da kama aiki ba, jinina na tafasa, ga kuma aikin ya fi ƙarfin hannuwan da ke akwai. Kullum sai an zo mana da labarin wata ruga da ciwon ya faɗa. Saniya ta fara hawaye, baki ya yi gyambo, zawo ya biyo baya, cikin 'yan kwanaki ta kwanta ba ta ƙara tashi ba.

Allurar rigakafi muna da ita, tana cikin firij mai kananzir a ofis. Abin da ba mu da shi shi ne ƙafar kai ta. Motarmu guda ce, tsohuwa, irin mai ja da ƙafafu huɗu, kuma tana bisa bulo a bayan ofis domin tayoyinta sun suɗe har zare ya fito. Ɗaya ma ɗinke ta aka yi da igiyar roba kamar takalmi. A shekarun nan taya ta yi wuya ko'ina, ko mai hali sai ya yi yawo kafin ya samu.

Direbanmu dattijo ne, Babarbare, ya yi shekaru yana tuƙi cikin rairayin arewa tun ba a haife ni ba. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Ba shi da yawan magana. Duk safiya sai ya zo ya goge motar nan tas, ya duba mai da ruwa, sannan ya shimfiɗa buzunsa a inuwarta ya zauna da carbi. Ni kuwa zama ya gagare ni. In shiga ofis, in fito, in leƙa firij, in zagaya motar, in koma. Matata ta ce ko tuwo a tsaye nake ci.

Ana haka wani arɗo ya zo daga arewacin Yusufari. Dogon mutum ne mai furfura, ya sha tafiya har ƙafafunsa sun yi fari. Ya ce ciwon ya cinye rugar da ke gabas da su, tasu ce ke biye. Bai roƙe ni ba, bai yi kuka ba. Ya tambaye ni ne kawai yaushe zan zo. Na ce masa cikin kwana huɗu. Ban san inda na samo kwana huɗun nan ba, bakina ne ya faɗa. Da arɗon ya tafi, Baba ya dube ni, ya dubi motar da ke kan bulo, ya ci gaba da jan carbinsa.

Ran nan na matsa wa shugabanmu har ya ba ni takardar izini in nemo taya duk inda na gani. Washegari ni da Baba muka hau motar kasuwa zuwa Nguru, don a can jirgin ƙasa ke sauke kayan Kano, in akwai taya a yankin nan to can take.

Wani mai faci da ke kusa da tashar jirgi muka dosa, tsohon sanin Baba. Rumfarsa ta kwano ce, ga wani baho na baƙin ruwa inda yake tsoma tub don neman huji. Ya kai mu ɗakin baya ya nuna mana abin da yake da shi. Akwai na kwalta, sirara, waɗannan ko kallo ba su ishe mu ba. Akwai wasu huɗu da ya samu daga masu haƙar rijiyar burtsatse da suka tashi, kusan sababbi, masu manyan haƙora kamar na tarakta. Sai kuma wasu biyu masu faɗi, masu laushi, zanensu ƙanana, da rim ɗinsu mai faɗi a jingine a bango duk ya yi tsatsa.

Idona ya faɗa kan masu haƙora. Na shafa su, na ji tauri, na ce a raina waɗannan ko dutse za su hau. Baba bai ko taɓa su ba. Ya durƙusa wajen masu faɗin nan biyu, ya danna gefen ɗaya da babban yatsa, ya sa farce ya bi zanen, ya juya ta ya duba ciki. Sannan ya ce da ni masu haƙora na laka ne. In fadamar Dagona za mu da damina, babu kamarsu. Amma rairayi ba a cizonsa, hawa kansa ake yi.

"Ka dubi ƙafar raƙumi, Malam," in ji shi. "Ka taɓa ganin ta da farce mai tsini? Waɗannan naka tona za su yi. Su tona, su tona, har su binne mu."

Na ce to a sa masu faɗin biyu a baya, masu haƙora biyu a gaba. Ya ce tsayinsu ba ɗaya ba ne, in aka haɗa su giyar da ke jan ƙafa huɗu za ta ci kanta, mu rasa motar gaba ɗaya. Mai faci ya sa baki ya ce ya riga ya aika Kano a kawo masa 'yan'uwan masu faɗin, yana sa ran su a jirgi mai zuwa. Baba ya ce a jira. Na yarda, ba don raina ya so ba.

Kwana biyu muka yi a Nguru. Ban taɓa sanin garin ƙarami ne ba sai da na taka shi lungu-lungu. In je tasha in dubi layin dogo ya miƙe babu komai a kansa, in dawo rumfar mai faci, in wuce wajen masu banda, warin kifi ya kore ni, in sake komawa tasha. Ma'aikacin da ke wurin har ya gane ni, da ya hango ni sai ya girgiza kai tun daga nesa. Baba yana zaune abinsa a rumfa, ya samu yashi da tsumma yana goge tsatsar rim ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda aka tabbatar wa kayan na hanya.

Jirgin ya iso da yammacin rana ta biyu. Na tsaya aka sauke buhuna, da kwalaye, da kekuna, da kwanon rufi. Babu taya. Mai faci ya ce watakila jirgi na gaba, mako mai zuwa.

Ban ko zauna ba na ce a ɗaure mana masu haƙora. Baba ya ce in ƙara haƙuri, gara a makara a isa da a yi sauri a kwana a hanya. Na ce masa shanu ba za su jira jirgin Kano ba. Na ƙara da wata magana da har yau nake jin kunyarta, na ce ni aka ba takarda, ba shi ba. Ya ajiye tsumman da ke hannunsa, ya wanke hannu a ruwan facin nan, ya ce, "Haka ne, Malam." Daga nan har Gashuwa bai ƙara ce mini komai ba.

Shi da kansa ya ɗaura su, ya ɗaure kowane noti, ya sauke motar daga bulo. Ya ɗora shebur biyu, da falankin katako, da famfon hannu, da jarkar ruwa fiye da yadda muka saba. Ni na shirya allurar cikin akwatin sanyi, na jera ƙanƙara kewaye da kwalaben, na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Bazara ce sosai, kuma maganin nan in ya ji zafi ya mutu, ko da ido ba zai nuna ba.

Muka tashi bayan sallar asuba. Har Yusufari motar ta yi ta gurnani tana tafiya, ni kuwa ina satar kallon Baba ina jin kamar na yi nasara. Da muka fita garin ya tsaya ya rage wa tayoyin iska, amma gefensu mai tauri ne, ba su baje yadda yake so ba. Ya tsuke baki ya shiga.

Kafewar farko ba ta ba mu wuya ba, muka sara kaba muka shimfiɗa, ta fita. Ta biyu ma haka. Wajen azahar muka zo wani dogon tudun rairayi wanda babu hanyar kauce masa. Rana ta dafa yashin ya zama kamar gari. Baba ya ja baya ya taho da gudu, muka kai kusan rabi, sai na ji motar ta yi nauyi. Ƙafafun na juyawa, yashi na tashi ta gefe, mu kuma muna nitsewa. Kafin ya ɗaga ƙafa daga totur, cikin motar ya zauna a ƙasa.

Muka yi ta tono. In mun kwashe shebur ɗaya, biyu su zubo. Muka sa jak a kan katako, katakon ya nutse. Ƙarfen motar ba ya taɓuwa don zafi. Ni kuma hankalina na kan akwati. Na san buɗe shi na ƙara kashe ƙanƙarar, amma na kasa hana hannuna. Baba ya ce in bar murfin nan ya huta. Shi ne abu na farko da ya faɗa mini tun Nguru wanda ba amsar gaisuwa ba.

Can sai ga wani mutum a kan raƙumi, yana dawowa daga kai kanwa. Baba ya yi masa magana da Barbarci, suka daɗe, sannan ya juyo ya ce mutumin ya san rugar arɗon, kuma zai kai ni. Na ce ba zan bar shi shi kaɗai a nan ba. Ya ce motar ba za ta fita ba sai yashi ya huce, zamana ba zai huce da shi ba. Ya ƙara jiƙa buhun da ruwan shanmu, ya ɗaure akwatin a gefen sirdi ta ɓangaren da inuwa take.

Ban taɓa hawa raƙumi ba sai ran nan. Duk takun da ya yi ina jin ruwa na kaɗawa cikin akwatin, da farko da ƙarar 'yan guntayen ƙanƙara, daga baya ruwa zalla. Na yi ta ce wa mutumin ya ƙara sauri, shi kuma ba ya jin Hausa sosai, sai ya yi murmushi ya nuna gaba da sanda.

Mun isa bayan la'asar. Arɗon ya riga ya sa an tara shanun, kwana biyu ke nan suna jirana kusa da rijiya maimakon su yi nisa da kiwo. Na buɗe akwatin. Ƙanƙara babu, amma da na tsoma hannu ruwan da sauran sanyi. Na ja arɗon gefe na gaya masa gaskiya, cewa ban sani ba ko maganin na da rai. Ya ce, "Likita, ka yi naka. Saura na Allah ne."

Muka yi ta aiki, matasan rugar na kamawa ina tsira allura, ana tsaga kunnen duk wadda aka yi wa don shaida. Na ga uku da idonsu ya riga ya fara ruwa, na ce a ware su nesa. Ba mu gama ba sai da safe muka ƙarasa, kuma ina cikin wanke sirinji na ji gurnanin mota. Baba ne. Mutanen wani ƙauye sun taimaka masa bayan rana ta faɗi, suka tura ta baya, ya zagaya ta cikin kwari inda ƙasa ke da tauri, hanya mai nisa ninki biyu. Tafin hannunsa duk ya yi bororo. Na ce masa ya yafe mini maganar da na yi a Nguru. Ya ce ya wuce, ya tambaya ko akwai sauran nono a rugar, don bai karya ba.

Da tayoyin nan muka ƙare bazarar. Baba ya daina hawa tudu da su, kullum sai ya nemi kwari, mu tashi da wuri, mu tsaya in rana ta take. Ni kuma na sa a raina zan koma rugar arɗon da sabon magani in sake yi musu, don in samu natsuwa. Sai dai rugage sun yi yawa, yau nan gobe can, sai bayan mako uku muka samu komawa. Muka tarar da wurin wayam, sai busasshen kashin shanu da turaku. An ce ciyawa ta ƙare, sun yi arewa sun tsallake iyaka.

Na yi watanni ina tambayarsu. Duk kasuwar dabbobin da na shiga sai na bi kunnuwan shanu da ido. Bayan damina, a kasuwar Dapchi, wani dillali ya ce ya san arɗon. Ya ce ya yi asarar wasu, amma yawancin garken na nan, har ya sayar da bijimai biyu ta hannunsa. Na tambaye shi ko waɗanda suka mutun masu tsagaggen kunne ne. Ya ce shi bai duba kunne ba. Na so in ƙara tambaya, sai wani mai saye ya ja hannunsa, suka shiga cikin shanu suna ciniki, ni kuma na koma inda Baba ke jirana muka kama hanyar gida.