Ba Mai Yi Mani Fomatin

Ina cikin takaba had-dis ɗin Malam ya ƙi buɗewa. Malam maigidana ne, Allah ya jiƙanshi, malamin firamare mai ƙulafucin ɗaukar bidiyo. Duk abin da ya ɗauka a gidanmu na Ƙofar Sauri yana cikin ɗan baƙin akwatin nan mai igiya, wanda girmanshi bai wuce sabulun wanki ba. Ɗiyarmu ta fara rage tambayar babanta, abin ya tsorata ni. Na ƙudurta sai ta sake ganinshi, ta ji muryarshi, kafin ya ɓace mata.

Na jona shi da kwamfuta, 'yar fitilarshi ta kama, amma kwamfutar ta yi kamar ba ta taɓa saninshi ba. Na sauya rami, shiru. Na ɗan motsa igiyar, sai ga rubutu da Turanci, wai sai an yi fomatin kafin a yi amfani da shi. Fomatin kuwa share komai ne, wannan kam na sani. Na ce, "Ba dai ni ba!" Na danna a'a.

Yayan Malam kan leƙo da safe ya gaishe ni daga bakin ƙofa. Da labari ya kai mashi ya ce, "Miƙo shi in kai wa masu gyara Ƙofar Kaura."

Na ce, "Yaya, ba inda za shi."

"To a yi fomatin ɗin mana kowa ya huta. Ina mai takaba ina kallon hotuna? Ciwo za ki ƙara wa kanki. Addu'a yake buƙata."

"Addu'a ina yi, Yaya. Wannan kuma daban."

Ya yi tsaki ya tafi. Dalilina ba na faɗa wa yayan miji ba ne. Cikin akwatin nan akwai ni ba ɗankwali, akwai ni da ɗaurin ƙirji ina rawa a tsakar gida. Mai gyara kuwa, komai kirkinshi, sai ya buɗe ya tabbatar aiki ya yi, ga shago cike da 'yan majalisar hira. Malam bai taɓa nuna wa kowa ba yana raye, ni zan aika da kaina kasuwa bayan ranshi? Fita kuma in tsaya a kan mai gyara, gidan nan mai takaba ko zaure ba ta leƙawa.

Aka yi ta magana. Wai taurin kai gare ni, wai na ɗora raina kan ƙarfe. Ku yi ta faɗi! Lokacin kamfen ne, motocin 'yan siyasa na ta wucewa da lasifika, na haɗa su da dangin miji na toshe kunnena.

Maƙwabciyata mai buga takardu a ofis ita ta tsaya mani. Ta kawo tata kwamfutar muka jona, ita ma fomatin take nema. Muka aro wata igiya, duk ɗaya. Ta ce in kara shi a kunne. Na ji yana juyawa sumul, ba ƙas-ƙas ɗin da ta ce shi ne alamar mutuwa. Sai na lura bakin da igiyar ke shiga yana girgiɗi kamar haƙorin da ya kusa fita.

Ta je wurin mai gyara ta kwatanta mashi da baki. Ya ce a kawo. Ta ce mai shi ba ta bayarwa. Ya ce to wataƙila gidan da aka rufe had-dis ɗin a ciki ne ya lalace, cikin na lafiya, a sayi sabon gida a mayar da shi, amma in hannu ya kuskure ba ruwanshi.

Da wuƙar yanka albasa na ɓamɓare shi. Tsoro kamar ya kashe ni, amma wallahi gara ya mutu a hannuna. Na zaro cikin, na zura a sabon gidan da maƙwabciyata ta sayo mani, na yi bisimilla na jona. Kwamfutar ta yi ɗan ƙara, sai ga sunan Malam ya fito.

Na sallami maƙwabciyata da godiya, na ja ƙofa, na ɗora ɗiyata a cinya. Na buɗe bidiyo na farko, ni ce. Na biyu, ni da ita. Na yi ta buɗewa har la'asar, fuskarshi ba ta fito ba ko sau ɗaya, don kullum shi ke riƙe da kamara. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushinshi kamar yana gabana.

Sai muka zo kan wani, ina tankaɗe, gari har gira. Na ɗago ina nuna shi da rariya, ina cewa, "Malam, ka kashe abin nan ko in fasa shi!"

Ɗiyata ta yi zumbur, ta kai hannu kan gilashin kwamfutar. Daga bayan kamara Malam yana dariya, yana cewa, "Ba zan kashe ba. Yi ta faɗanki, ina nan."