Na'urar da Ta Yarda da 'Yan Gida

Ina zaune a ofishin jikata ina jiranta, idona na kan wata siririyar mata mai tabarau. An kira ta ne ta duba ko takardun sirrin ma'aikata a tsare suke. Tana tsugune gaban wani akwatin ƙarfe mai ƙyafta fitilu, tana cizon leɓe. Daga gani ta raini ƙanne da yawa, ba a yi mata wayo.

Manaja na tsaye a kanta, tumbi a gaba. "Baiwar Allah, na'urar nan ce mai gadinmu. Duk saƙon da ya zo daga waje sai ta bincike shi."

"Na cikin gida fa, ranka ya daɗe?"

"Na gida ai namu ne."

Ta fita titi da wayarta, ta aiko saƙo, ta rubuta a jikin saƙon cewa daga cikin gida yake. Na'urar ko tari ba ta yi ba, ta buɗe mata komai, har da takardun manaja.

Ta dawo tana murmushi. "Ranka ya daɗe, ashe bara ya kamata ka yi ritaya?"

Manaja ya jawo mata kujera da kansa. "Ƙanwata, rage murya. Toshe ƙofar nan da kika bi kika shiga na'urar yanzu."