Faifan da Aka Ɗaura wa Ribon

Shekara goma sha shida Asibi ta yi tana buga tafireta a ofishin reluwe na Kafanchan. Da aiki ya ja baya ta bar wurin a 1991, kwamitin raya yarensu ya ɗauke ta. Ofishin ɗaki biyu ne a bayan wani coci, aikin kuma guda ne: a tara yaren daga bakin tsofaffi kafin su ƙare, a yi ƙamus.

Ita ce mai hawa bayan akori-kura da rikoda a cinya. Ita ce mai zama a gindin rumbu tana lallashin tsoho ya tuna sunan ciyawar da ake ba akuya in ta kumbura. Akwai wata tsohuwa a bayan Godogodo, Kaka Selina, wadda ta san waƙoƙin makoki da na daka citta fiye da ɗari. Wata bakwai Asibi tana zarya wurinta. In ta dawo ta buga abin da ke kaset, sai kwamiti ya ce a sake ɗauka a kan kaset ɗin, wai kaset tsada. Wasu kaset ɗin ma mawaƙan coci suka ara suka ɗora waƙar Kirsimeti a kai. To ku riƙe wannan: abin da ta buga shi ne kawai ya rage. Kaka Selina ta rasu a 1996.

Kwamfutar ofishin kyautar wasu 'yan mishan ce, ƙatuwa kamar akwatin aure, da faifan ajiya biyu a cikinta. Fabian ne ke duba ta, Ibo ne haifaffen kwatas ɗin reluwe, mai gyaran rediyo da ya koya wa kansa kwamfuta har ya yi furfura a kai. Shi ya gaya mata sunan tsarin RAID, ya ce faifan biyu madubin juna ne, duk abin da ta buga a ɗaya yana sauka a ɗayan. In ɗaya ya mutu ba a rasa komai ba, amma dole a sa sabo da wuri, ya kwafe daga mai rai.

A watan Agusta na 1998 ɗaya ya mutu. Fabian ya kara kunne a jikin wanda ya rage, ya ɗago fuska ba daɗi. Ya ce shi ma ya fara ƙas-ƙas a ciki, tare aka saye su, tare suka tsufa.

Sabo bai yi wuyar samu ba, kuma nan ne abin haushin yake. Wani ɗan gari mai babban muƙami a Kaduna ya saya ya aiko cikin sati guda. Faifai ya iso lafiya, a kwalinsa. Sai shugaban kwamiti, Baba Meshak, ya karɓa da hannu biyu, ya sa aka ɗaura masa jan ribon, ya kulle a kabad. Ya ce kayan da babban mutum ya bayar ba a taɓa shi sai an keɓe shi da addu'a a gaban jama'a, mai kyautar yana zaune. Mai kyautar kuwa ba shi da sarari sai Asabar ta uku.

Asibi ta durƙusa ta yi bayani. Ta kawo Fabian ya yi bayani da Hausa, ya ƙara da Turanci. Ta ce a sa faifan yanzu, ran taro a yi addu'a a kan kwamfutar gaba ɗaya, ai Allah yana gani har cikin ƙarfe.

"'Yata, ke da ƙarfen nan wa ya girmi wani a ofis ɗin nan?" in ji Baba Meshak. "Shekara uku yana aiki, sati uku ne zai kashe shi? Kar ki koya mini tsari."

Bai ma yarda a kashe injin a bar shi ya huta ba. Takardun gayyata da tsarin taro da jawabinsa mai shafi tara, duk a kan faifan nan mai tari ya sa ta buga su. Kullum da safe ta kunna, ta ji ƙas-ƙas. Ta gwada kwashe aikin a ƙananan faifai na roba, damina ta riga ta sa musu fumfuna, uku cikin goma suka karɓa. Haka ta yi ta haƙuri irin wanda aka koya wa matan zumunta, kwana goma sha ɗaya.

Ran na sha biyu Baba Meshak ya tafi jana'iza a Jere. Da ƙarfe takwas na safe Asibi ta aika aka kira Fabian, ta karɓi sukudirebansa, ta ɓalle kabad da hannunta. Ta zare ribon a hankali, ta fitar da sabon faifai, ta sa mataccen a kwalin ta mayar da ɗaurin.

Fabian ya ce, "Anti, wannan zai ci aikinki fa. Ni ba ruwana, ni gyara aka kira ni."

"Sa shi kawai. In sun tambaya ka ce mahaukaciya ce ta tsare ka."

Ya sa. Ya tsaya ya karanta allon sau uku kafin ya danna, don in aka juya hanya, wofin ne zai hau kan mai kaya ya shafe komai. Ta sayi galan biyu na fetur ta tada janareta, ba ta yarda da wutar gari ba. Lamba ta fara tafiya a allo, kashi ɗaya, kashi biyu, kamar hawainiya. Ruwa ya sauko da azahar, ta cire ɗankwalinta ta toshe inda kwano ke yoyo saitin injin. Ko ruwan sha ba ta tashi nema ba.

A kashi tamanin da uku lambar ta tsaya. Tsohon faifai ya yi ta ƙas-ƙas, ya yi shiru, ya sake. Fabian ya ce akwai wurin da ya lalace, ba ya karantuwa, ko a tsallake shi ko a rasa duka. Ya ce ranar da ya fara kara kunne, ya bi faifan kaf, wurin nan lafiya yake. Ta ce ya tsallake. Da la'asar lamba ta cika ɗari.

Ta zauna ta bi aikin ɗaya bayan ɗaya. Ƙamus yana nan. Karin magana yana nan. Sunayen itatuwa suna nan. Da ta buɗe na Kaka Selina, waƙa goma sha huɗu ne suka fito, sauran duk tarkacen alamomi, layi bayan layi.

Ran taro aka cika coci. Aka yanka ribon, fasto ya ɗora hannu a kan mataccen faifai ya roƙa masa tsawon rai, jama'a suka ce amin. Da aka kira Fabian ya sa shi a injin, Asibi ta miƙe daga bencin mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce abin da ke hannun fasto gawa ce, sabon yana ciki tun kwana tara, ita ta ɓalle kabad. Ta faɗi waƙoƙi nawa aka rasa, da ranar da ya kamata a ce an cece su. Ta juya wajen mai kyautar ta ce masa an gode, kayansa mai kyau ne, jiran zuwansa ne ya yi tsada.

Litinin aka ba ta takardar sallama, dalili rashin biyayya da ɓarnar kayan ofis. Ƙamus ya fito bayan shekara biyu da sunayen mutum goma sha ɗaya a bango. Ku nemi nata ku gani.

Ta kama shago kusa da kasuwa tana buga wa mutane takardu. Mata suka yi ta zuwa suna ba ta baki, wai ta je ta roƙi Baba Meshak gafara, dattijo ne. Ba ta je ba, ba ta kuma zage shi ba. Abin da ta yi shi ne, duk Asabar ta rufe shago ta hau mota zuwa Godogodo, tana bin jikokin Kaka Selina da matan da suka yi daka tare da ita gida-gida, ko wata ta riƙe baiti ɗaya. Cikin shekara huɗu ta haɗa waƙa tara, biyu a ciki rabi-rabi ne. Waɗannan a littafi ta rubuta su da biro, ta kwafe sau uku, ta ajiye a gida uku.